Shafi na Arba'in da Bakwai

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Alhamdu lillahi, an ƙaddamar. Ni Raihana, 'yar Kalsum mai wankan gawa ta Zangon Agege, yau ga sunana a bangon littafi: Jin Daɗi da Zunubi a Zamanin Waya. Shekara uku ina rubuta shi a bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibaina. Harabar Islamiyyarmu ta cika har mutane na tsaye a bakin kwata, ruwan sama ma ya yi mana kara, bai sauko ba sai da aka watse. Ɗanbaba mai sayar da littattafai a ƙofar masallaci ya kwashi kwali biyu. Wani malami daga Idi-Araba ya ce babi na huɗu ya sa shi hawaye a cikin danfo, motar haya. Babi na huɗu! Ni ma na san shi ya fi. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Umma ta zo, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ciwon suga ya cinye mata ido, ɗanta Mu'az ne ya kawo ta a kekensa na haya mai ƙafa uku. Ta karɓi nata kwafin, ta shafa bangon, ta sunsuna, ta ce, "Tunda ido ya tafi, ke za ki riƙa zuwa kina karanta min bayan la'asar. Ba na son muryar kowa sai ta mai shi." Na ce to, Umma, ina dariya.

Iya, mahaifiyata, ta ɗauki ɗaya ta shige ɗakinta. Da yatsa take bin layi, sai ta yi wata ba ta gama ba.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Ba ta yi wata ba. Ashe tsakiya ta buɗe.

Ina shirin fita makaranta ta shigo ba sallama, ta ajiye littafin a buɗe a kan gado. Shafi na arba'in da bakwai.

"Wace ce wannan?"

Na ce, "Iya, misali ne na kawo. Na canja suna, na ce a Mile 2 aka yi, na ƙara mata shekara shida."

Ta ce, "Likkafanin fa?"

 A shafin na ba da labarin wata yarinya da na wanke, da abin da na gani a jikinta. Kuma na rubuta cewa uwarta ta ɗauko likkafanin da ta zo da shi daga Makka, wanda ta tsoma a ruwan zamzam ta ajiye wa kanta, ta ce a naɗe 'yar a ciki. Na sa wannan ne saboda ya taɓa min zuciya. Amma duk Zangon nan, har masu fura 'yan Nijar da suka zo shekaranjiya, wa bai san Umma ce ta yi haka ranar da Habibarta ta rasu ba? Shekara biyu ana ba da labarin a gidajen suna.

Iya ta ce, "Ranar da na fara shiga da ke ɗakin gawa me na ce miki?"

Na sani sarai. Ina da shekara sha tara ta ce min abin da idona ya gani a ɗakin nan, da shi za a binne ni. Ban maimaita ba. Ta tattara baho da buta da jakar ganyen magarya da kafur daga bayan ƙofata, ta kai ɗakinta.

Ni dai niyyata 'yan mata su ɗauki darasi. Allah ya san niyyata.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Na je wa Umma. Ba ta san komai ba. Ta sa an dama min kunun gyaɗa, ta jingina da filo ta ce bismillah.

Na karanta babi na farko, inda na yi magana a kan matan da ke zuwa biki ba su ci abinci ba sai sun ɗauke shi hoto. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Kin ga Habiba ke nan! Tuwo ya huce tana neman inda haske ya fi." Na ɗaga kofi na sha kunu don kada in amsa.

Da zan tafi ta ce, "Ƙunshina yana nan ko? Damina ce, ki riƙa fito da shi yana shan iska, kada ya yi fumfuna."

Ƙunshin yana saman sif ɗina. Bayan rasuwar Habiba ta sayi sabon yadi a kasuwar Jankara, aka yanka mata likkafani, ta ƙunshe shi da kafur a cikin zanen atamfa, ta kawo min da ƙafarta. Ta ce Iya ta tsufa, ni zan wanke ta. A gidanmu babu girman da ya wuce tsohuwa ta ba ki ƙunshinta. Iya ta riƙe na mutum goma sha a rayuwarta. Ni wannan ne na farko.

Mun tsaya a shafi na tara.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan magariba

Shafi na sha bakwai.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na je rumfar Ɗanbaba in karɓo abin da ya rage. Yana ganina ya washe baki.

"Malama, kasuwa ta buɗe fa! Matan da ko littafin addu'a ba su taɓa saye a wurina ba, yau suna layi. Kowa sai ta ce a ba ta mai maganar likkafani."

Na ce ya ba ni sauran. Guda goma sha ɗaya suka rage a kwali biyu. Ya ce ai ko na kwashe ma a banza, wata ta karanta shafin ta tura saƙon murya a guruf ɗin matan unguwa tun jiya, har matarsa ta saurara sau biyu. Ya faɗa yana murna, shi a tunaninsa albishir yake min. Kai, Ɗanbaba, Allah ya shirye ka.

Na dawo na zauna da reza na cire takardar daga kowane ɗaya, har da wanda nake karanta wa Umma. In aka cire arba'in da bakwai, arba'in da takwas ma ta tafi, bayanta ce. Na ƙona su a murhu. Iya na tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Mariamu mai fura ta rasu da asuba. Aka aiko. Ina jin sallama na sa hijabi na ɗauko safar hannu, kamar yadda na saba shekara ashirin da biyu. Matar da aka aiko ta tsaya a zaure tana kallon ƙasa, ta ce, "An ce Iya Kalsum. Ita kaɗai."

Iya da yatsunta ba sa lanƙwasuwa saboda sanyin ƙashi. Wa zai juya mata gawa? Wa zai ɗaga mata baho? Ta wuce ni da jakar magarya a hammata, na ce in raka ta ko ruwa in zuba mata. Ta ce, "Kin ji abin da aka ce."

Asabar, da yamma

Ban je ta'aziyya ba. Na shanya ƙunshin Umma a ɗaki, na kunna masa fanka.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Ana tashi daga makaranta na tarar da keken Mu'az a bakin get. Ya ce, "Shiga, Anti." Bai gaishe ni ba. Yaron da na goya.

Bai nufi gida ba. Ya bi ta gefen layin dogo har muka wuce kasuwa, ya tsaya inda babu mutane sosai, ya kashe inji. Bai juyo ba, ta madubi yake kallona.

Ya ce fasinjoji biyu ne suka kunna saƙon a bayansa, ba su san shi ne ƙanen Habiba ba. Ya kai su har inda za su, ya karɓi kuɗinsa, ya ba su canji. Ya ce ya ɗauke wayar Umma ya ce mata ta lalace, kuma ya bi matan gidan hayarsu ɗaki ɗaki ya roƙe su.

"Ki daina zuwa."

Na ce, "In na daina za ta tambaya, Mu'az. Ka san Umma."

"To in kin kai wurin ki tsallake. Hawan jininta kin san shi. In wani abu ya same ta, Anti, wallahi ban san me zan yi ba."

Na ce na riga na cire shafin. Jirgi ya zo ya wuce, sannan ya ce, "Gaskiya ne? Abin da kika ce kin gani."

Ban amsa ba.

Ya yi wata irin dariya ya ce, "Au, yanzu kika iya shiru?"

Ya ajiye ni a bakin lungunmu. Na miƙa masa kuɗin mota kamar wata shashasha, ya ja kekensa.

Talata, 15 ga Yuli, bayan magariba

Shafi na ashirin da shida. Jan karatun nake yi. In karanta layi uku in tsaya in yi bayani, in kawo labarin da ba ya cikin littafin. Umma ta ce, "Yau kuma wa'azi kika zo yi min? Karanta abin da kika rubuta."

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Na shiga kasuwa sayen kayan miya, mata uku a rumfar mai attarugu suka yi tsit. Ɗaya ta ce, "Sannu marubuciya," sauran suka kawar da kai suna danne dariya.

Munafukai! Su suka yi ta tura saƙon, su suka saurara har suka haddace, amma ni ce mai laifi. Ita mai cewa marubuciyar, ba ni na wanke uwarta ba? Da ta san abin da na tarar ranar, da ba ta ɗaga ido ta kalle ni ba. Ita ma ta kusa da ita, yayarta, in na buɗe baki

A'uzu billahi. Dubi abin da hannuna ke shirin rubutawa.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Shafi na talatin da uku. Ta yi barci ina karatu, na ji daɗi, na rufe a hankali. Ina sa takalmi ta ce, "Talatin da uku muka tsaya ko?"

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Zan faɗi wani abu a nan tunda babu mai gani. Ainihin rubutun hannun yana cikin akwatina. Yau na ɗauko da niyyar ƙonawa, sai na tsinci kaina ina karanta shafin. Na karanta har sau uku. Ya yi kyau. Har yanzu ya yi kyau, babu kalmar da zan canja. Kuma da na tuna malamin nan da ya yi hawaye a danfo, wani abu ya yi min daɗi a ƙirji.

Na rubuta littafi guda a kan mutanen da ke neman daɗi a inda Allah ya hana, na lissafa masu waya da masu shafe-shafe da masu rawar biki. Ban sa mai rubutu ba.

Na ƙona shi. Astagfirullah.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan azahar

Iya ta yi min magana, karo na farko cikin kwanaki. Ina shafa mata man zafi a yatsu ta ce, "Ina kuka kai?"

Na ce arba'in da ɗaya.

"Ki je ki faɗa mata da bakinki, Raihana."

Na ce Mu'az ya hana, hawan jini, kuma ai na cire shafin, ba za ta taɓa sani ba.

Ta zare hannunta ta ce, "Shekara hamsin na san Umma. Ke dai ki je ki faɗa."

Litinin, 21 ga Yuli, bayan magariba

Arba'in da huɗu. Na buɗe baki sau biyu. Sau biyun na tambaye ta ko ta sha magani.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

An yi ruwa, lungunsu ya cika. Ban je ba. Ban taɓa gode wa Allah a kan ambaliya ba sai yau.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Na karanta arba'in da biyar, na karanta arba'in da shida. Na wuce, na kama arba'in da tara ba tare da na ja numfashi ba. Na yi layi huɗu.

Umma ta ce, "Kin tsallake."

Na ce a'a, Umma, haka yake.

Ta sa hannu ƙarƙashin filo ta zaro nata kwafin, wanda na ba ta ranar ƙaddamarwa. Ni na manta da shi sam. Ta miƙo min ta ce, "Wannan ba a yanka shi ba. Karanta min."

Na ce, "Umma, don Allah."

"Ido na rasa, ba kunne ba. Gidan haya ne nan, bango ɗaya ya raba ni da mutane. Tun waccan Juma'ar na ji shi ta taga, da muryar wata da ba ta iya karatu ba ma. Mu'az ya ɗauke min waya, na bar shi ya ɗauka, yaro ne yana son uwarsa. Ke nake jira. Kwana goma sha biyu kina zuwa kina shan kununa. Karanta."

Na karanta. Duka, har da bayan shafin. Ban san muryar da ta fito daga bakina ba. Ba ta motsa ba, carbi na hannunta amma ba ta ja.

Da na gama ta ce, "Kin zaci ke kika fara gani? Ni na haife ta. Na sani tun tana raye, mun yi faɗanmu, mun yi kukanmu, mun shirya, ba wanda ya ji. Ranar da ta rasu akwai masu wanka biyu a layin nan. Na tsallake su na ce a tafi gidan Kalsum, don gidanku ba a magana."

Na durƙusa na kama ƙafarta. Ba ta janye ba, ba ta kuma taɓa ni ba.

Ta ce, "Abu ɗaya ne ya fi ci min rai. Kin rubuta wai yarinyar ba ta taɓa sanin farin ciki ba. A ina kika ga wannan? Safiyar ranar da motar ta buge ta, ta tsaya nan bakin ƙofa tana kwaikwayon yadda mai gidan hayarmu ke Hausa, na yi dariya har na ƙware da koko. Takan raka ni asibiti tana riƙe da hannuna tana waƙa a titi, ina ce mata ta yi mana shiru. Wannan ba ki gani ba, don ba ya fitowa a jiki. Awa ɗaya kika yi da ita, ba ta iya ce miki komai, kika fito kika gaya wa duniya wace ce."

Na ce ta yafe min. Na faɗa ya fi sau goma.

Ta ce, "Nawa kason mai sauƙi ne, wata rana zan iya. Amma ba ni kika tona ba. Wadda za ki roƙa tana ƙasa."

Sannan ta ce gobe in zo mata da ƙunshinta.

Alhamis, 24 ga Yuli, da asuba

Na sauko da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Alhamis, bayan magariba

Na kai. Mu'az na zaune a bakin ƙofa, ya ga abin da ke hannuna ya matsa min hanya.

Umma ta kwance zanen a cinyarta, ta bi yadin ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ta kai hanci ta sunsuna. Ta ce, "Kin kula da shi kuwa. Ko warin damina babu." Ta ɗaure ta tura bayan filo.

Na san bai kamata ba, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Umma, wa za ki ba?"

Ta ce, "Wadda ba ta iya rubutu ba."

Na miƙe zan fita. Ina bakin ƙofa ta ce, "Raihana. Gobe bayan la'asar. Saura babi uku, ni kuwa ba na fara abu in bari."

Na ce to, Umma.

Da na dawo gida Iya ta leƙo ɗakina. Ta kalli saman sif, ta kalle ni, ta ce abincina yana cikin kula.